Gatana, kwanon abinci da filin wasa: tambayoyin da iyayen ƙananan yara ke yawan yi a Tawa

Na daɗe ina riƙe da ajin ƴan share fage a nan Tawa, kuma duk ranar da muka tara iyaye, tambayoyin nan dai su ke dawowa kamar an haɗa baki. Wannan ta ce nata ba ya taɓa ganye, waccan ta ce tata da ta ga baƙo sai ta shige bayan zane, wani uba ya ce waya ta manne ɗansa a kan tabarma. In na ce a gwada gatana, wato tatsuniya, wasu har dariya suke yi. Ga tambayoyin da amsoshin da na saba bayarwa. Maganar ta fi shafar yara daga yaye zuwa shekara 6 ko 7.

Wai da gaske labari zai sa yaro ya ci abin da ya ƙi, ko ya tashi ya yi gudu?

Shi kaɗai, a'a. Labari ba ya zuba miya a kwano. Abin da ya iya shi ne tayar da sha'awa. Ɗan shekara 4 bai san ƙarin jini ko lafiyar gobe ba, amma ya san wanda yake so ya zama. In daren jiya ya ji labarin zomon da ya tsallake rafi, da safe za ki gan shi yana tsallake butar alwala yana cewa shi ne zomo. Wannan kwaikwayon shi ne jarin da muke juyawa.

Sai dai sha'awar yaro man kaza ce, rana na fitowa ta narke. In kin yi labarin kabewa yau, gobe a ga kabewa a tukunya, ya kuma ga ke ma kina ci. Uwar da ke yabon zogale a gatana tana ture shi gefe a kwano, ɗanta hannunta yake kallo, ba bakinta ba.

Daga shekara nawa ake farawa?

Tun yana goye. Kafin shekara 2 waƙar reno da kiran sunayen abubuwa sun isa: ga akuya, ga albasa, ga ƙafar Baba. Daga 2 zuwa 3 a yi ɗan gajeren labari mai maimaici, wanda ba zai wuce minti biyu ko uku ba. Daga 4 zuwa sama yaro zai bi cikakkiyar gatana, har ya gyara miki in kin canja wani wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, a jagorar da ta fitar a 2019 kan yara ƴan ƙasa da shekara 5, ta ce lokacin da yaro ke zaune, karatu da ba da labari tare da mai renonsa su ne abin da ya kamata a cika shi da su. Kakanninmu ba su jira takarda ba.

Ni fa na manta gatanar kakata. A ina zan samo?

Ƙirƙira za ki yi, kuma ba wuya. Tsofaffin gatanarmu kusan duk ƙira ɗaya gare su: akwai ƙarami da aka raina, galibi Auta, akwai abin da yake nema, akwai cikas sau uku, akwai ƴar waƙa da ke dawowa, sai ƙurunƙus. Ki zuba abin da kike so a cikin wannan masaki.

Ga wadda nake yi wa ƴan ajina. Wani ɗan akuya ja ya ce shi sai ya hau dutse ya ga inda rana ke kwana. Manyan awaki suka yi masa dariya. A gindin dutse ya iske zomo yana tauna karas, ƙarmas-ƙarmas. Ya ce, "Yaya Zomo, san mini." Ya ɗanɗana, ya ji zaƙi, zomo ya koya masa tsalle. Nan yara duka su miƙe su yi tsalle uku. A tsakiyar dutse ya zame ya faɗi, ya yi kuka, ya tashi. Ya iske kunkuru da ƙwaryar dambun zogale da ƙuli-ƙuli, suka ci har suna lasar hannu, kunkuru ya koya masa rarrafe a wuri mai santsi. Yara su rarrafa. Duk inda ya gaji sai ya rera, su amsa: "Taka ɗaya, taka biyu, dutsen nan bai fi ni ba." Da ya kai ƙololuwa, ashe rana ba ta kwana a can, bayan wani dutsen ta faɗa. Ya ce, "To, gobe wancan." Ƙurunƙus kan kusu.

Ki lura, a labarin nan an ci, an motsa jiki, an faɗi an tashi, amma ba wanda ya tsaya ya yi wa'azi. Dalilin hakan yana cikin amsa ta gaba.

Ba sai in ce masa "ci ka yi ƙarfi kamar ɗan kokawa" ba?

Wannan ita ce maganar da ta fi saurin zuwa bakinmu, ni ma na sha faɗinta. Amma akwai wani bincike da ya sa na rage. A 2014 wasu masu bincike biyu a Amurka, Michal Maimaran da Ayelet Fishbach, sun karanta wa yara ƴan shekara 3 zuwa 5 labarin wata yarinya da ta ci biskit ko karas. Wasu aka ce musu abincin ya sa ta ƙarfi ko ya taimake ta koyon karatu da ƙidaya, wasu aka ce daɗi ne da shi, wasu ba a ce komai ba. Da aka ajiye abincin, waɗanda aka yi wa maganar amfani su suka fi cin kaɗan. Kamar yaro na lissafi ne a ransa: tunda sai an yi masa talla haka, lalle magani ne, ba daɗi.

Saboda haka a gatana ki yabi abin da harshe da ido da kunne ke ji. Ƙarar karas a haƙori, jan tumatir, ƙamshin albasar Galmi a cikin mai, kifin da ya baro Tabalak da asuba a bayan babur. Ƙarfin ya bayyana da kansa a aikin jarumin, ba sai kin ɗaura shi a wuyan lomar ba.

Dodo fa? Ai da shi aka rene mu.

An rene mu da shi, kuma har yau wasunmu ba sa iya zuwa makewayi da dare. Dodo a cikin gatana ba laifi, musamman in Auta ne ya yi masa wayo a ƙarshe. Yaro na jin daɗin tsoron da ya san zai wuce. Abin da nake hanawa shi ne fito da Dodo daga gatana a zaunar da shi bakin kwano: "Ka cinye ko in kira shi." Haka ma "zan kai ka a yi maka allura". Ranar rigakafi ke ce za ki sha kokawa da shi a ƙofar likita.

Kang Lee na Jami'ar Toronto a Kanada da abokan aikinsa sun gwada abu makamancin wannan a 2014 da yara 268 masu shekara 3 zuwa 7. Labaran da maƙaryaci ya gamu da bala'i ba su ƙara wa yaran faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne na yaron da ya amsa laifinsa uban ya yaba masa. Binciken kan gaskiya ne, ba kan abinci ba, amma abin da nake gani a aji bai saɓa ba: yaro ya fi bin abin da aka nuna masa da kyau a kan gudun abin da aka tsorata shi da shi.

Gizo maci ne, ɓarawo, rago. Ba zai ɓata mini yaro ba?

Kada ki kori Gizo, ba mu da ɗan wasa kamarsa. Amfaninsa shi ne yaro ya fi shi hankali. Ki maƙale murya ki yi tsamin bakinsa, ki sa shi ya ɓoye alawa a cikin hula rana ta narkar da ita a kansa, ko ya ƙi wanke hannu Ƙoƙi ta ɗauke kwanon. Sai ki tsaya ki ce, "Kai, me Gizo ya manta?" Za ki ji an amsa da ƙarfi. Yaron da ya gyara wa Gizo kuskure ya koya wa kansa darasi, ya kuma ji shi babba ne. Illa dai kada ki juyo ki ce, "Kai ma haka kake." Nan take wasan ya mutu.

Kakarsu ta ce ba a gatana da rana, wai mai yi ɓata yake.

Kada ki ja da Kaka a kan wannan. Ta dare a bar mata sunanta gatana, a buɗe da "Gatanan gatananku", yara su ce "Ta zo mu ji ta". Na rana ki kira shi labari ko wasa. Kowa ya samu nasa. In ma da hali, a bar wa Kaka ta daren, ta fi ki iyawa.

Na yi labarin, na dafa, ya tofar. In haƙura?

Tukuna. Ƙyamar baƙon abinci ɗabi'a ce da ke ƙaruwa tsakanin shekara 2 da 6, kuma masana cimakar yara sun nuna sau da yawa sai an ajiye abu gaban yaro sau goma ko fiye, a ranaku daban-daban, kafin ya karɓa. Yawancinmu a karo na uku muke yanke hukunci cewa "ba ya ci". Ki sa ɗan kaɗan, kamar kan babban yatsa, kusa da abin da ya saba. In ya taɓa, ya sansana, ya lasa ya ajiye, an ci gaba. Ɗura da toshe hanci kuwa a bar su. Ban da ƙin abincin da suke jawowa, yaro na iya shaƙewa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: kwanon taro. Ɗan shekara 2 ba zai iya tsere da yayyensa ba, kafin ya kai loma uku an suɗe. A ware masa nasa ɗan kwano, amma ya zauna cikinsu, don ganin ƴan uwa na ci ya fi kowace gatana jan hannu. A nan ƙissoshin Manzon Allah (SAW) suna da daɗin bayarwa: yadda ya ce wa yaro Umar ɗan Abu Salama ya yi bisimilla, ya ci da dama, ya ci na gabansa, da kuma cewa bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Manyan gida su fara da wannan na biyun.

Wane abinci ne ya kamata ya riƙa fitowa a labarin? Mu ba masu kuɗi ba ne.

Na kasuwarmu. Ga yara ƴan wata 6 zuwa 23, OMS da UNICEF sun kasa abinci gida takwas, suka ce a samu aƙalla biyar a yini: nonon uwa, hatsi da saiwoyi irin su gero, dawa, dankali, wake da gyaɗa da danginsu, nono da cuku, nama, kifi ko hanta, ƙwai, ganyaye da kayan marmari masu ruwan ɗorawa irin su zogale, kabewa, karas, mangwaro, sai sauran kayan lambu. Lissafin yana da amfani har ga manyan yara. Kunun gero da aka dama da garin ƙuli-ƙuli da nono ya riga ya ci gida uku. Matsalarmu a nan Adar ba a rasa fura da tuwo ba ne kullum, a'a, su kaɗai ne safe da dare.

Ƙwai na da tasa rigimar. A wasu gidaje har yanzu ana cewa yaron da ya saba da ƙwai sata zai yi. Ba ƙwai ke sa sata ba, kuma da damina ƙwan zabi ya fi nama araha nesa ba kusa ba. Shayin fada kuwa a raba yara da shi, musamman a kan abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tumatir, lemun tsami da garin ƴaƴan kuka su ke taimakawa. Kafin wata 6 nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi. Zuma sai bayan shekara 1. Gyaɗa guda-guda na iya maƙale wa ƙarami a maƙogwaro, a daka ta.

Sai kuma dala ashirin ɗin nan da ake damƙa wa yaro zai tafi lakwal. Mai tebur na bakin ƙofa, da alawa da ruwan zaƙi mai kala a leda. Ba na cewa a hana ɗungurungum, abin da aka hana shi ke daɗa daraja. Amma in jarumin gatanarki goruba da magarya da dabino yake cikawa a aljihu kafin tafiya, ke ma kika zuba masa su a jaka, rabin yaƙin ya ƙare.

Motsa jiki nawa ne ya ishi yaro, kuma ta yaya labari zai shigo?

Jagorar OMS ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsi iri-iri a warwatse cikin yini, kuma daga shekara 3 minti 60 daga ciki su zama na haki da zufa. Daga 5 zuwa 17, minti 60 na irin wannan a kullum. Yaron ƙauye da ke bin awaki ya wuce haka bai sani ba. Na cikin gari, gidan haya mai ɗaki biyu, daga babur zuwa benci zuwa gaban tele, shi ne abin dubawa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura 40, a bar wasan guje-guje sai sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwa a kusa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tashi da gatanar tsaye, kamar yadda na nuna a labarin ɗan akuya. Langa, ɓoyo, gaɗa, carafke, duk ana iya ɗaura musu labari. Muna kuma da jarumai na gaske. A nan Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wadda yau jihohi takwas ke turo ƴan kokawa goma-goma su nemi takobi, kuma ba yaron da bai san sunan Issaka Issaka na Doso ba. Issaka Dabore ya ciyo wa Nijar tagulla a dambe a wasannin Olamfik na 1972, aka yi shekara 44 ana jira kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a tekwando daga Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. In za ki ba da labarinsu, ki daɗe a kan atisaye da kayen da aka sha kafin nasara.

Mata fa? Kada a ce musu "mace ba ta gudu". Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta.

Zanen yara na waya ba labari ba ne shi ma?

Labari ne, amma ba ya tsayawa ya tambayi ɗanka me zai faru, kuma ba ya sa shi tsalle. Ma'aunin OMS: kafin shekara 2 babu kallon allo, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. A lokacin cin abinci kuwa a kashe, don yaron da ke haɗiya ido na kan allo bai san me ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba.

Amma waya na da wani amfani da ya dace da mu. Gidaje da yawa a Adar uban na ci-rani, Abijan ko Libiya ko Legas. Saƙon murya na minti uku a WhatsApp, Baba da bakinsa yana gatana yana kiran sunan ɗansa, a saurara da dare a amsa masa waƙar, a mayar. Na ga yaran da suka haddace irin wannan saƙo har da tarin da uban ya yi a tsakiya.

Muna son yaro mai kunya. Wannan "yarda da kai" ba fitsara za ta koya masa ba?

Kunya daban, tsoro daban. Yarinyar da ta durƙusa ta gaida baƙo da murya a fili tana da kunya. Wadda ba ta iya cewa fitsari take ji har ta jiƙa wando a aji, ko wani ya taɓa ta ta kasa faɗa wa uwarta, wannan tsoro ne, kuma shi nake yaƙa. Jarumin gatanarki ya zama mai gaisuwa, mai tambaya, mai iya cewa "a'a" da ladabi. Ga ƴan mata akwai Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899, akwai Nana Asma'u da ta tura malamai mata, waɗanda ake kira jaji, ƙauyuka koyar da mata.

Yabo ma da irinsa. Binciken Carol Dweck da abokiyar aikinta a 1998 kan ƴan firamare ya nuna waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi jure aiki mai wuya a kan waɗanda aka ce musu "kai mai ƙwaƙwalwa ne". Mu da muke da kirari ba mu da uzuri: "Ta Inna mai hawa dutse, kin faɗi kin tashi!" Uwar da alkunyar ɗan fari ta hana ta yabonsa a fili, gatana ta ba ta mafita, ta ƙera jarumi mai kamarsa, shi ya san da wa ake.

Abin da ya fi duka aiki shi ne a miƙa wa yaro gatanar. Na taɓa riƙe wani mai in'ina, wata uku ban ji jimla ɗaya cikakkiya daga bakinsa ba. Ran nan na ce shi zai yi ta ɗan akuya. Ya maƙale a kan "dutse", leɓe na rawa, wata ta buɗe baki za ta ƙarasa masa, na ɗaga mata hannu. Muka jira. Ya fito da ita. Da ya iso waƙar kuwa sai ta zubo sumul, don masu in'ina da yawa ba sa sarƙewa a waƙa, ajin ya amsa. Washegari kakarsa ta biyo shi har ƙofa tana cewa, "Malama, wai mijin nan nawa ne ya yi gatana gaban mutane?"

Ana tsokanar ɗana saboda jikinsa. In saka maganar a labari?

Saka ta, amma a kaikaice. Kada mugu ya zama kullum shi ne mai tumbi, ko wawa shi ne ramamme. Yaro mai sikila ko wanda shan inna ya taɓa yana bukatar ya ji jarumin da ya huta a hanya, ya sha ruwa, ya kuma isa. Kunkurun labarin nan don irinsu na sa shi. Sunayen tsokana kuwa, "buhu", "tsinke", "ragon banza", galibi daga cikin gida suke farawa kafin su fita unguwa. A fara kashe su a can.

Yaushe ne magana ta wuce gatana?

In yaro yana ramewa, ya daina wasan da ya saba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa biyu sun kumbura, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko zawo da zazzaɓi sun hana shi ci, wannan ba ƙyamar abinci ba ce irin wadda na yi bayani a sama. A kai shi likita ranar. Ma'aikatan lafiya na da igiyar awon damtse mai kala uku ta yara ƴan wata 6 zuwa 59: kore daga santimita 12.5 zuwa sama, ruwan ɗorawa tsakanin 11.5 da 12.5, ja ƙasa da 11.5, wato tamowa mai tsanani. A wurare da yawa ana koya wa iyaye mata yin awon da kansu. Ki tambaya a CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarku. In aka ba ki kullin gyaɗar nan na Plumpy'Nut, magani ne na wanda aka rubuta wa, ba a raba shi da yayye. Haka kuma yaron da ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, a duba kunnensa.